Harsashi a Maƙogwaro Ko A'a? Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗaukar Ƙaramar Bindiga a Amurka

Tun ranar da aka ji na karɓi lasisin ɗaukar bindiga a nan Texas, da wuya a tashi daga hirar bayan Juma'a wani bai ja ni gefe ba. Yawancinsu masu aikin dare ne, irin wanda ke rufe kantin gidan mai ƙarfe biyu ya taka zuwa motarsa shi kaɗai. Kowa ya gama kewaye-kewayensa, a kan magana ɗaya yake sauka: in ka rataya ƙaramar bindiga don kare kai, harsashi za ka bari a shirye a cikinta, ko sai ta ɓaci ka ɗana? Amurkawa da kansu sun daɗe suna sa-in-sa a kai. Ga tambayoyin yadda ake yi mini su, da abin da nake amsawa.

Malam, fara yi mana bayani, me ake nufi da harsashi a cemba?

Fistol ta zamani wuri biyu take ajiye harsashi. Akwai magazin, wato kurtun da ake jera harsasai a cusa shi ta gindin mariƙi. Sai wani gurbi a farkon bututu mai cin harsashi ɗaya tak, shi ake kira cemba, ni kuwa nakan ce maƙogwaro. Harsasan da ke cikin magazin, ko goma sha bakwai ne, babu wanda zai tashi daga can. Sai an ja murfin saman nan mai zamewa, silaid, an sake shi, ya kwaso ɗaya ya tura maƙogwaro. Wannan shi ne ɗanawa. Daga nan kunama kaɗai ta rage.

Jeff Cooper, tsohon hafsan soja da ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona a 1976, shi ya yaɗa lambobin da ake kiran waɗannan yanayi da su. Mataki na ɗaya: harsashi a cemba, hama, wato ƙarfen bayan bindiga da ke kai bugun da ke tayar da harsashi, a ɗane, makulli a kulle, yadda ake ɗaukar tsohuwar fistol ƙirar 1911. Mataki na uku: magazin cike, cemba wayam. Tsakanin waɗannan biyu ake gardamar.

To kai wanne ka zaɓa?

Da harsashi a cemba nake fita. Haka 'yan sandan ƙasar nan ke ɗaukar tasu, haka kuma mafi yawan malaman harbi ke koyarwa. Amma kada wani ya ɗauki wannan jimla ya ruga da ita. Bindigata ta zamani ce, ban taɓa mata kunama da wata kwaskwarima ba. Tana cikin kube mai tauri da ya rufe kunamar ruf. A jikina take, ba a jaka ko aljihun mota ba. Kuma na yi watanni ina zarewa ina mayarwa da bindiga wayam kafin in yarda da hannuna.

Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan, ba na ce masa ya bar cemba wayam ya ci gaba da harkarsa. Ina ce masa ya bar ta cikin akwatin ƙarfe a gida har ya gyara abin da ya rasa. Cemba wayam ba ta maganin hannun da bai iya ba.

Mutumin da ya fi ba ni tsoro ba mai ɗanawa ba ne, ba kuma mai barinta wayam ba. Shi ne wanda yau a ɗane, gobe a wayam, jibi ya danganta da unguwar da za shi. Ranar da ya buƙace ta zai ja kunama ya ji ƙas babu komai, ranar da yake goge ta kuma ya ɗauka wayam ce.

Jan silaid ai ƙiftawar ido ne. Me zai hana in ɗana lokacin da na ga haɗari?

A filin koyon harbi, kana tsaye daram, hannu biyu a sake, babu mai bin ka, gaskiya ne ba ya ɗaukar lokaci. Matsalar ita ce ɗan fashi ba ya aiko da goron gayyata.

A 1983 wani sajan ɗan sanda a Salt Lake City, Dennis Tueller, ya auna wani abu da har yau ake koyarwa. Ya ga cewa mutum mai lafiya riƙe da wuƙa yana cinye tazarar ƙafa 21, wato mita shida da 'yan kai, cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Kusan daidai lokacin da ƙwararren ɗan sanda ke buƙata ya zaro bindigar da ke ɗane ya yi harbi. Kai kuma taka a ƙarƙashin riga take, ga ƙarin aikin ɗanawa.

Ni ma dai ba lokacin ne ya fi damuna ba, hannun ne. Ɗanawa aikin hannu biyu ne. A ranar da abin zai faru, hannunka na hagu yana ina? Wataƙila yana tare sara. Wataƙila yana riƙe da ɗanka, ko yana kan sitiyari, ko wani ƙato ya danne shi. Akwai dabarar ɗanawa da hannu ɗaya, ana koyar da ita, amma dabarar fita kunya ce ga wanda aka raunata, ba abin da za ka gina tsarinka a kai ba.

Sannan tsoro yana ɓata aikin yatsu. Tafin hannu ya jiƙe da gumi, ka ja silaid bai kai ƙarshe ba, ko ka raka shi a hankali maimakon ka sake shi ya buga da ƙarfinsa. Sai harsashi ya maƙale a hanya, ka koma riƙe da guntun ƙarfe. Na ga wannan ya faru da mutane a aji, alhali ba abin da ke matsa musu sai ƙarar agogon malami. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai a faɗi gaskiya: ba kowace arangama ce take zuwa da wannan saurin ba. Akwai wanda ya ji ana ɓalle ƙofa tun daga nesa, ya sami lokacin komai. Da yawa ma ganin bindigar kawai ke korar mutum ba a yi harbi ba. Kuma in aka fizge maka ita, cemba wayam na iya ba ka 'yan daƙiƙun da za ka tsira. Masu wannan ra'ayi ba wawaye ba ne. Caca suke yi cewa za su sami lokaci da hannu biyu, ni kuma ban yarda in yi wannan cacar ba.

Tsakani da Allah, bindiga ba ta tashi da kanta?

Tsoron nan yana da asali. Libarba irin ta kaboyi, kamar Colt ta 1873, in hamarta na kwance a kan harsashi aka buge ta, tana tashi. Shi ya sa masu hankali a wancan zamani ke zuba biyar a gurbi shida, su kwantar da hama a kan gurbin da babu komai. A Janairun 1876, Wyatt Earp, lokacin yana ɗan sanda a Wichita, libarbarsa ta zame daga kube ta faɗi ƙasa ta tashi, harsashin ya huda masa kwat ya fice ta rufin ɗaki. Kamfanin Ruger sai a 1973 ya sauya ƙirar irin waɗannan libarba nasa, ya sa wani ƙarfe tsakanin hama da allurar da ke sokar gindin harsashi, wanda ba ya hawa wurinsa sai an ja kunama.

Bindigogin yau an gina su ne don a ɗauke su a ɗane. Ɗauki Glock, wadda ta fito daga Ostiriya a farkon shekarun 1980. Ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa, amma tana da tsaro uku. Akwai ɗan harshe a tsakiyar kunama da ke hana ta motsi sai an danne shi. Akwai wani ɗan turke da ya tare hanyar allurar da ke sokar gindin harsashi, ba ya kaucewa sai kunama ta yi baya. Akwai kuma abin da ke hana allurar kuɓucewa in bindiga ta faɗi. Muddin kunama ba ta motsa ba, allura ba ta da hanya.

Ba kuma zan ce ƙira ba ta taɓa kuskure ba. Fistol ɗin SIG P320, wadda sojan Amurka ya zaɓa a Janairun 2017, a watan Agustan wannan shekarar kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta bayan an nuna cewa in ta faɗi ta wata kusurwa tana iya tashi. Daga baya mutane da dama, har da 'yan sanda, sun kai ƙara cewa ta tashi a cikin kube. Wasu sun yi nasara a kotu, kamfanin kuma ya dage cewa ba ta tashi sai an ja kunama. Don haka kafin ka saya, bincika tarihin ainihin ƙirar da kake so. In ta hannu ce, kai wa maƙerin bindiga mai lasisi ya duba.

To me ya sa kullum muke jin wani ya harbi ƙafarsa?

Saboda wani abu ya ja kunamar. Yawanci yatsa, wani lokaci tsumma.

A Nuwamban 2008, Plaxico Burress, ɗan wasan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta New York Giants da ya ci musu ƙwallon nasara a wasan ƙarshe na farkon wannan shekarar, ya shiga gidan rawa da Glock soke a ƙugun wando babu kube. Ta fara zamewa ta cikin wando, ya kai hannu ya cafke, ya harbi cinyarsa. Ya warke, sannan aka yanke masa ɗaurin shekara 2 saboda ba shi da lasisin New York. A Yunin 2018 kuma wani jami'in FBI yana rawa a Denver ya yi alkafura, bindigarsa ta faɗo. Duba bidiyon da kyau: da ta bugi ƙasa ba ta tashi ba. Sai da ya wawuro ta cikin kunya da gaggawa ta tashi, ta sami wani bawan Allah a ƙafa. Darasin da malamai ke maimaitawa shi ne, in ta suɓuce, ƙyale ta ta faɗi.

Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne mayar da ita kube. Ni kaina na kusa. A aji ne, lokacin sanyi, ina sanye da rigar sanyi mai igiya a gindi, irin mai ɗan maɓallin roba a ƙarshe. Na gama harbi ina tura bindiga kube ban duba ba, sai na ji malamin ya daka mini tsawa in tsaya cak. Ya zo ya nuna mini: maɓallin igiyar ya faɗa bakin kuben, daidai inda kunama za ta bi. Da na ƙara turawa, igiyar ce za ta yi aikin yatsa, bakin bindiga kuma yana kallon cinyata. A daren na sa almakashi na yanke igiyoyin duk rigunan sanyina. Tun daga ranar, in zan mayar sai na kawar da riga, na leƙa cikin kuben da idona, na tura a hankali. Zarewa ce ake yi da sauri. Ba wanda ke ba da kyautar saurin mayarwa.

Akwai kuma abin da jiki ke yi ba da izininka ba. In ka firgita, ko ka yi tuntuɓe, ko ka damƙi wani abu da ƙarfi da ɗaya hannun, yatsun hannun da ke riƙe da bindiga su ma suna matsewa. Kunamar Glock kusan nauyin kilo biyu da rabi take buƙata, abin da firgita ɗaya ta fi ƙarfinsa. 'Yan sandan New York sun yi shekaru suna amfani da kunamar da aka ƙara wa nauyi har fam 12, wato kusan kilo biyar da rabi, saboda wannan. Maganin dai shi ne yatsa ya zauna miƙe a jikin bindiga, sama da kunama, har sai ka yanke shawarar harbi. Mutanenmu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma yawancin abin da ake kira tsautsayi a nan sakaci ne da aka sa wa hula.

An ce Isra'ilawa ba sa barin harsashi a cemba, kuma ai sun san yaƙi.

Har sunan ƙasar ake kiran wannan salo da shi. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, bayan 1948 sun tara bindigogi iri-iri daga ƙasashe daban-daban, kowace da irin makullinta, wasu tsofaffi ne da ba a yarda da lafiyarsu ba. Hanya mafi sauƙi ta koyar da dubban sababbin kurata ita ce doka ɗaya ga kowa: cemba wayam, zaro, ɗana, harba. Kafin su ma, wasu Turawan Ingila biyu, William Fairbairn da Eric Sykes, sun koyar da 'yan sandan Shanghai haka, kuma sun rubuta shi a littafinsu na 1942.

Ka lura da abu biyu. Wannan tsari ne na shugaban da ke da ɗaruruwan mutane masu ƙarancin horo, yana lissafin yadda zai rage harbin kuskure a bariki. Na biyu, waɗanda ke bin salon da gaske suna maimaita zaro-da-ɗanawa har ya zama motsi ɗaya a jikinsu. In za ka bi su, bi su har cikin wahalar. Ɗaukar rabin da ya yi maka daɗi ka bar atisayen, wannan ba salon kowa ba ne.

Wane irin kube ya dace? Kuma da kaftani fa?

Kube mai tauri, na roba mai ƙarfi irin Kydex ko fata mai kauri, wanda aka ƙera don ainihin ƙirar bindigarka. Ya rufe kunama ta kowane gefe, bakinsa ya tsaya a buɗe ko babu bindiga a ciki. Gwada shi da bindiga wayam: kife shi a kan katifa ka girgiza, kada ta faɗo. Na yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga, bar musu kayansu. Fatar da ta tsufa ta yi laushi ita ma tana iya lanƙwashewa ta shiga wurin kunama.

Kayanmu na gida kuwa sai an yi tunani. Wando mai mazagi ba ya riƙe nauyin bindiga, kuben zai riƙa lilo, ranar zarewa ya biyo bindigar. Dole sai bel mai ƙarfi. Kaftani mai tsawo har gwiwa sai ka tattaro shi da hannu ɗaya kafin ka kai ga ƙugu, ka ga hannun hagun ya riga ya sami aiki, ina kuma na ɗanawa? Babbar riga ta fi kowace sutura ɓoye abu, ta kuma fi kowace yawan yadin da zai bi bindiga cikin kube. Ni ranar Sallah, in na sa manyan kaya, a gida nake barinta.

Masu sa ta a gaba, wajen mara, su san cewa in sun zauna bakinta na kallon cinya, inda babbar jijiyar jini ta bi. Wurin yana da saurin zarewa, amma ba ya yafe kuskure.

Ina da yara a gida. Hajiya kuma tana so ta riƙa sa tata a jaka.

A nan amsata takan canja. Duk abin da na faɗa game da cemba, a kan bindigar da ke manne da jikinka na faɗa. Da ta bar jikinka, magana ta zama ta makulli.

A ƙarshen Disamban 2014, a wani babban kanti a Hayden ta jihar Idaho, yaro ɗan shekara 2 yana zaune cikin keken sayayya ya zuge aljihun jakar mahaifiyarsa, ya taɓa bindigar da ke ciki, ya kashe ta. Matar tana da lasisi, ta san bindiga, jakar ma ta musamman ce mai aljihun ɓoye makami. Ta juya ne kawai na ɗan lokaci. Yaro ƙarami yana iya jan kunama, jan silaid ne ke yi masa wuya. Saboda haka wadda ta dage sai jaka, ina ganin hujjarta ta barin cemba wayam tana da ƙarfi. Amma jakar da ake ajiyewa a kujera, a miƙa wa yarinya ta riƙe, a bari a ɗakin mata wurin suna, ba wurin bindiga ba ne ko da wayam ce.

A gida kuwa akwatin ƙarfe mai lambobi, ko da minti biyar za ka yi a banɗaki. Saman kwaba ba maɓoya ba ce, yaranmu sun san duk inda ake ɓoye alewa. Dokar Texas ta hukunta wanda ya yi sakaci har yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai ga bindiga mai harsashi, kuma ta faɗa ƙarara cewa ko akwai a cemba ko babu, duk ɗaya ne.

Wani abin da ba ma son faɗa: a 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka. Daga ciki 26,328 su suka kashe kansu, harbin kuskure kuma 549. In akwai mai fama da ƙuncin rai a gidan, ko matashin da ya shiga wani hali, ko rigimar aure ta yi zafi, fitar da bindigar daga gidan gaba ɗaya har ƙura ta lafa.

Gaskiya ni gabana faɗuwa yake. Ya zan saba?

Wannan faɗuwar gaban alheri ce, wanda ba ya jin ta shi nake gudu. Abin da aka koya mini: tabbatar babu harsashi ko ɗaya a bindigar, ja silaid don kunama ta ɗanu, sa ta a kube, ka yi harkokinka na cikin gida. Zauna, tashi, sunkuya, ɗauki kaya. Da dare ka duba, za ka tarar kunamar na nan yadda ka bar ta. Yi haka makonni. Idonka ne zai gamsar da zuciyarka.

Kwas ɗin lasisin Texas awa huɗu zuwa shida ne a aji, sai gwajin harsashi 50 daga yadi 3, 7 da 15. Babu zarewa daga kube a ciki. Wannan sai ka biya wani aji daban, kuma shi ne ajin da ya fi amfani. Wanda yake son tsaka-tsaki ya duba libarba ta zamani, ko fistol da kunamarta ke da nauyi a harbin farko, ko mai makullin babban yatsa, in dai zai saba da buɗe shi.

Na cire magazin, ai shi ke nan babu komai ciki?

A'a! Wannan kuskuren ya kashe mutane da yawa. Cire magazin ba ya fitar da wanda ke maƙogwaro, kuma yawancin bindigogi za su harba shi ko babu magazin. Tsarin shi ne magazin ya fara fita, sannan a ja silaid harsashin ya faɗo, a kafe silaid a buɗe, a duba da ido, a taɓa da yatsa. In ka juya tsarin, ka fitar da ɗaya ka ɗora wani. Glock ma sai an ja kunama ake kwance ta don wankewa, ka ga inda ake samun matsala. Kada harsashi ya kasance a ɗakin da kake wankin bindiga.

In na dawo gida kullum in riƙa cire harsashin?

Ba na so. Yawan taɓawa shi ke kawo kuskure, sabo kuma turken wawa ne. Cire kuben da bindigar a cikinsa, sa su akwati tare, kulle. Ban da haka, harsashin da ake ta turawa cemba ana fitarwa, kansa yakan nutse cikin kwanso kaɗan-kaɗan, wanda ke ƙara matsin wuta ranar da aka harba shi. In ka jera shi da sabo ka ga ya fi shi gajarta, ya tashi daga aiki.

Ya halatta in shiga masallaci da ita?

Hukuncin na malamai ne, amma akwai hadisan da duk mai ɗaukar makami ya kamata ya sani. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani Musulmi. Sun kuma ruwaito hanin nuna ɗan'uwa da makami, domin mutum bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo hanin miƙa takobi a zare.

Ta fuskar aiki, yi tunanin ruku'u da sujada. Riga tana ɗagewa, bindigar da ke bayan ƙugu bakinta yana komawa wajen sahun baya. Wurin alwala da banɗaki kuma nan ake kwance bel, nan ake mantuwa. Kwamitin masallaci yana da ikon hanawa, in sun kafa sanarwa ta zama doka a kanka. Tambayi liman ko masu tsaron masallacin tukuna, kada ka zo musu da ba-zata.

Doka fa? Ni ban zama ɗan ƙasa ba tukuna.

Wannan ya kamata ka fara tambaya. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin, dokar tarayya ta ba shi damar mallaka. Wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu, an hana shi sai a wasu keɓaɓɓun halaye. Wanda takardunsa suka ƙare ko ba shi da su, riƙe bindiga ko harsashi ɗaya babban laifi ne na tarayya, ga ɗauri ga kora.

Jihohi kuma kowace da nata. Fiye da rabinsu yanzu ba sa neman lasisi, Texas ta shiga sahu ranar 1 ga Satumban 2021. New York tana nema, ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 da ya sassauta sharuɗɗanta, kuma ba ta san lasisin Texas ba. 'Yan uwanmu na Bronx su kiyaye, haka mai tuƙa babbar mota da ke ratsa jihohi. Gidan waya, kotu da makarantu suna da nasu hani. Kamfanonin tasi na Uber da Lyft sun hana direbobinsu ɗauka a bakin aiki.

In ɗan sanda ya tsayar da kai, kashe mota, hannu biyu a kan sitiyari, kada ka laluba komai sai ya ce. A Texas mai lasisi da ke ɗauke da bindiga zai nuna lasisin tare da katin shaida in an nema. Mu baƙaƙen fata ba ma mantawa da Philando Castile, wanda a Yulin 2016 a Minnesota ya gaya wa ɗan sanda da bakinsa cewa yana da bindiga, ga shi kuma mai lasisi ne, amma aka harbe shi a cikin motarsa, kotu kuma ta sallami ɗan sandan a 2017.

Mu da ke Najeriya, wannan bayani ya shafe mu?

Ta fuskar doka, kusan a'a. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta ta zamani lasisinta na hannun Sufeto Janar, bindigar toka kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ko lokacin da gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a su nemi bindiga su kare kansu a Yunin 2022, wannan doka ta tarayya ba ta canja ba. Fistol ƙirar maƙera kuwa, babu turken allura a cikinta, babu tsaron faɗuwa. Duk abin da na faɗa kan amincin bindigar zamani bai hau kanta ba.

Masu zuwa gida hutu daga nan, ku zazzage jakunkunanku kafin ku shirya kaya. Jakar da ka taɓa zuwa filin harbi da ita, kada ka hau jirgi da ita. Harsashi ɗaya kan maƙale a kusurwar aljihu ko ƙarƙashin shafi, na'urar filin jirgi kuma tana ganinsa, ko a Houston ko a Kano.